Yadda Za A Waiwayi Auren Iyaye Idan Ya Cika Shekara 40 Ko 50

An fara ganin 'ya'ya a Kano suna haɗa kuɗi su kama wurin taro, su fitar da anko, domin murnar cikar iyayensu shekara 40 ko 50 da aure. Niyyar tana da kyau, sai dai sau da yawa akan ci a sha a watse ba tare da an ji komai daga bakin waɗanda aka taru dominsu ba, alhali labarin zaman nasu shi ne abin da ya fi cancanta a nema.

Kafin komai a nemi izinin iyayen, kowanne ta hanyar da ta dace da shi. Akwai dattawan da ke ganin bikin zagayowar ranar aure baƙuwar al'ada ce, kuma bai kamata a yi jayayya da su ba. Idan abin da ransu ya kwanta da shi saukar Alƙur'ani ce da walima a cikin gida, to a tsaya a nan. Idan kuma mahaifin yana da mata fiye da ɗaya, wajibi ne a sanar da abokiyar zama tun da wuri, a sa 'yan uba cikin shirin, don kada abin alheri ya koma gori a tsakar gida.

Daga nan sai gano lokacin auren, wanda ba ƙaramin aiki ba ne, domin yawancin auren wancan zamani a zaure ko a masallacin unguwa aka ɗaura shi ba tare da takarda ba. Dattawa da abubuwan da suka faru suke lissafi, saboda haka ta nan za a bi. Idan da fam da sule aka biya sadaki, auren ya riga Janairun 1973, lokacin da naira ta fara aiki. Idan Hajiya ta ce tana amarya aka kashe Janar Murtala, ana maganar Fabrairun 1976 ke nan. Rikicin Maitatsine a 'Yan Awaki ya auku a Disambar 1980, Malam Aminu Kano ya rasu a Afrilun 1983, canjin kuɗi na mulkin Buhari kuma a Afrilun 1984 aka yi shi. A kuma tuna cewa shekarar Musulunci ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, don haka wanda ya ce an ɗaura aurensa a Sha'aban ko bayan Babbar Salla zai cika shekara 40 ta Hijira fiye da shekara guda kafin lissafin Miladiyya ya kai.

Jin labarin shi ne zuciyar aikin, kuma a nan ake bukatar dabara. Kada a zaunar da su tare a gaban 'ya'ya, domin matar da ta yi shekara 40 ba ta ambaci sunan mijinta ba, sai dai ta ce Malam ko Alhaji, ba za ta saki jiki a irin wannan zama ba. Kada kuma a tura ɗan fari, saboda alkunyar da ke tsakani. Wanda ya dace shi ne jika mai hankali, tunda wasan da ke tsakanin kaka da jika yana buɗe ƙofar da ke rufe ga ɗa. A ba shi waya ya naɗi murya da saninsu, a kuma hana shi tambaya irin ta “mene ne sirrin zamanku”, domin amsar ba za ta wuce haƙuri ba, kuma kowa ya san wannan. Ya tambayi Hajiya wane gida aka kai ta, su nawa ne a gidan, wa ya yi mata jere, me takan dafa ranar da cefane ya yi ƙaranci. Ya tambayi Alhaji sana'ar da yake yi a lokacin, ko yaron kanti ne a Kwari ko malamin firamare, da wanda ya tsaya masa wajen neman auren. Idan akwai tsohuwar kwalla ko tasa da ta rage daga kayan ɗaki, ko akwatin lefe da ke ƙarƙashin gado, a fito da su a ajiye a gabanta. Za a ga ta shafa murfin ta fara ambaton sunayen mutanen da 'ya'yanta ba su taɓa ji ba.

Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji Hausawa, kuma babu aure mai tsawo da bai ga yaji da biko ba, ko rashin ɗa, ko karayar arziki. Idan suka kawo waɗannan da kansu a saurara da kyau, domin a nan ƙananan ma'aurata za su fi ƙaruwa. Amma da zarar ɗayansu ya ce abin ya wuce, a bar shi a inda ya bar shi.

Sunayen da suka fito a cikin labarin su ne jerin waɗanda za a ziyarta: waliyyi, abokin ango, ƙawar amarya, gwaggon da ta riƙa yin sulhu. Annabi (SAW), wanda ya zauna da Nana Khadija kimanin shekara 25, yakan yanka akuya bayan rasuwarta ya aika wa ƙawayenta da nama. Wanda yake raye a kai masa abinci da turare har gida, wanda ya rasu a gaishe da iyalinsa a yi masa addu'a.

Akwai kuma abin da ba hurumin 'ya'ya ba ne, wato neman gafara tsakanin mata da miji, da maganar haƙƙin da ya rage, kamar ragowar sadaki ko kuɗinta da ya karɓa ya sa a kasuwa da alkawarin zai mayar. Aminin Alhaji ko malamin da yake jin maganarsa ne ya kamata ya tuna masa a keɓe. A ranar walimar kuwa a taƙaita jawabai, a saurari ɓangaren muryar da iyayen suka amince a ji, sannan a ba kowane ɗaki na 'ya'ya kwafinsa, a kuma rubuta sunaye da shekarun a takarda, domin waya tana ɓata ko ta lalace.