Darasi na 7: Tausa ga Mai Wasa da Mai Aikin Ƙarfi

Duk wanda ya taɓa buga ƙwallo, ko ya yi kokawa, ko ya wuni yana huɗa a gona, ya san tsamin jiki. Abin lura shi ne, ba ranar da aka yi aikin ciwon yake tsananta ba. Yakan fara washegari, ya kai maƙura tsakanin awa 24 zuwa 72, sannan ya riƙa sauka da kansa. Dalili kuwa, aikin da tsoka ba ta saba ba yana ɗan yi mata lahani a ciki, jiki kuma yana gyara ta a waɗannan kwanakin.

A nan tausa take da amfani. Tana rage tsamin jiki, tana sassauta tsokar da ta ɗaure, gaɓoɓi su ɗan saki, mutum ya samu natsuwa da barci mai daɗi. Shi ya sa manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa suke ɗaukar masu tausa aiki. Amma kada a ɗora mata abin da ba nata ba. Tausa ba ta ƙara wa ɗan tsere gudu, ba ta ƙara wa ɗan dambe ƙarfin hannu. Wannan aikin atisaye ne da abinci da hutu.

Yadda ake yi

Mai tausa ya wanke hannu, ya yanke farce. A samu ɗan mai don hannu ya riƙa sulɓi: man kaɗanya, man zaitun ko man gyaɗa duk sun isa. Wanda za a tausa ya kwanta a tabarma ko katifa mai ƙarfi, ya saki jiki. Namiji ya tausa namiji, mace ta tausa mace, sai ko miji da mata.

A fara da shafa da tafin hannu a hankali, daga ƙasa zuwa sama, wato ana nufar zuciya. Idan ƙafa ce, daga idon sawu zuwa gwiwa, daga gwiwa zuwa cinya. In wurin ya ɗumama, sai a kama tsokar a riƙa matsawa ana saki, kamar mai kwaɓin fulawa. A ƙare da shafa kamar yadda aka fara. Minti 10 zuwa 20 ya wadatar bayan wasa. Kafin wasa kuwa gajeruwa ake yi, da sauri, ba tare da dannawa ba, kuma ba ta maye gurbin ɗan gudu da motsa gaɓoɓi.

Nama ake tausa, ba ƙashi ba. Kada a danna ƙashin baya, ko bayan gwiwa, ko gaban wuya. Wasu suna ganin sai mutum ya yi ihu sannan tausa ta shiga, har a sa yaro ya hau bayansa ya tattaka. Kuskure ne. In wanda ake tausa ya fara cije baki yana riƙe numfashi, hannu ya yi nauyi, a sassauta.

Inda tausa take cutarwa

Wannan sashen ya fi na baya muhimmanci, domin a nan ake yawan yin ɓarna. Gajiya daban, rauni daban. Idan ɗan wasa ya yi targaɗe, ko tsoka ta yage, wurin ya kumbura, to akwai jini da yake tsattsafowa a ciki. Murza shi da man zafi ko gasa shi da ruwan zafi a ranar yana ƙara kumburi. A kwana biyu zuwa uku na farko, a huta, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora na minti 15 zuwa 20, a ɗaure da bandeji ba tamau ba, a ɗaga ƙafar a kan matashi.

In mutum ya kasa taka ƙafa, ko gaɓar ta karkace, ana zaton karaya ko gocewar ƙashi. A kai shi asibiti a ɗauki hoto. Manyan asibitoci, irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, suna da ƙwararrun da suke duba irin wannan rauni.

Akwai wata alama da ba a wasa da ita: sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo, alhali ba a bugu ba. Yana iya zama gudan jini ne ya toshe jijiya. Tausa tana iya ɓallo shi ya tafi huhu, kuma hakan yana kisa. Haka nan ba a tausa mai zazzaɓi, ko wurin da ke da gyambo, maruru ko ƙuraje. Mai juna biyu da mai ciwon zuciya su fara tambayar likita.

Aikin aji

Ku zauna bibbiyu, kowa ya gwada shafa da matsawa a hannun abokinsa, daga wuyan hannu zuwa kafaɗa, na minti 5. Sannan ku rubuta amsar wannan a littafinku: ɗanka ya dawo daga filin ƙwallo yana ɗingishi, idon sawunsa ya kumbura. Me za ka yi masa a daren, me kuma ba za ka yi ba?