Idan ɓari ya yi miki yawa, ga gwajin jinin da za ki nema

'Yar uwa, dan Allah in kin yi ɓari sau uku a jere, tsaya ki karanta. Mu nan karkara da an ga haka sai a ce iska ce ko sammu, a yi ta turare da rubutu, ciki na huɗu ma ya bi sahu, kuma wallahi abin na ci min rai don akwai wani sanadi da ake ganewa da jini cikin 'yar kwalba.

Akwai wani furotin da hanta ke yi, sunansa bita-2 gilaikofurotin, yana yawo a jini yana manne wa maiƙo, kuma yana da hannu a yadda jini ke daskarewa. To a jikin wasu matan sai sojojin garkuwar jiki su ruɗe su far masa, jini ya riƙa yin guda-guda, mabiyiya ta kasa ciyar da ɗa yadda ya kamata, shikenan ciki ya zube ko ɗan ya koma. Wani likitan Ingila, Graham Hughes, ya bayyana ciwon a 1983. Shi wannan furotin ana tace shi daga jini, ana kuma haɗa irinsa a ɗakin gwaje-gwaje, da shi ake ɗana wa sojojin tarko, in suna jininki sai su kama shi a gane.

Farko dai ki zauna da maigida ku lissafa kowane ciki, wata nawa ya yi kafin ya zube, ku rubuta a takarda. Likita na son jin abu uku: ɓari uku a jere kafin sati 10, ko ɗa ya mutu a ciki bayan sati 10, ko haihuwa kafin sati 34 saboda hawan jini da jijjiga. Ki haɗa da tsofaffin katinan awo da hoton ciki, ko sun yage ki tafi da su.

Ki fara da babban asibitin ƙaramar hukumarku, ki ce a ba ki takardar turawa wajen likitan mata, asibitin Malam Aminu Kano ko Rasheed Shekoni a Dutse. Ki faɗa musu kina son gwajin daskarewar jini mai jawo ɓari, yawanci kala uku ake haɗawa.

Ga inda ake yawan kuskure. In ya nuna akwai, ba a gama ba, dole a maimaita bayan sati 12, don ko wata cuta ce ta ratsa ki sojojin kan tashi su kwanta. Ki tanadi kuɗin mota da na gwaji na zuwa biyu tun farko, ko da akuya za a sayar.

In an tabbatar, maganin ƙaramar asfirin ce da allurar hefarin mai hana jini daskarewa, ta ƙarƙashin fata kullum, har kusan ki yi arba'in bayan haihuwa. Amma kar ki je kemis ki saya da kanki, ba kowane ɓari ne wannan ba, maleriya da ciwon suga ma suna zubar da ciki, kuma wafarin, wani maganin hana jini daskarewa, na lahanta ɗan ciki.

In ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko ƙirji ya riƙe numfashi na yi miki wuya, wataƙila jini ne ya daskare, kar a jira gari ya waye, a nemo mota a tafi asibiti a daren.