Yadda za ka je kallon wasa a gidan abokan hamayya

Sayi tikitin ɓangaren baƙi kawai, domin idan ka zauna cikin 'yan gida ka yi murnar ƙwallo, ma'aikatan tsaro za su iya fitar da kai. Isa fili da wuri, kamar awa ɗaya da rabi kafin a take wasa, saboda layin bincike a ƙofa. Rufe rigar ƙungiyarka da wata riga har sai ka shiga. Za a yi muku waƙar zolaya, wannan dole ne. Rama da waƙa, amma ban da jifa da gorar ruwa ko zagin iyaye, nan rigima ke farawa. Bayan an tashi, a wasu filayen akan tsare baƙi na ɗan lokaci har 'yan gida su watse. Kada ka matsa bakin ƙofa, wurin turmutsitsi ne.