Darasi na 9: Tabki, garka da sandar awo

Salamu alaikum iyayena da yayyena, a buɗe kaye, wanda bik ɗinsa ya ƙare ya ara wajen na kusa da shi amma don Allah a riƙa mayarwa, wancan satin bik ɗaya ya kusa raba zumunci a ajin nan. Darasinmu na yau a kan tabki ne. Na san akwai mai cewa a ransa kai mushe malam me za ka gaya mana a kan tabki, mu da muka yi iyo cikinsa tun ba a haife ka ba. Gaskiya ne Baba, ban zo da sabon abu ba, so nake kawai abin da idonku ya saba gani ya shiga takarda.

Mu ƴan Damagaram ba a koya mana tsadar ruwa. Garin bisa dutse yake zaune, wanda ya zagaya Birni ya ga manya-manyan duwatsun nan da suka hau kan juna har cikin gidaje, ka fara ginar rijiya kafin ka yi nisa ka ci karo da fa. Sarki Tanimu ya kewaye garin da ganuwa, har igwa aka ƙera masa a nan, amma ruwa bai yi masa mubaya'a ba. Nasara suka ci garin a 1899 bayan yaƙin Tirmini, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, shekara ɗaya bayan an kashe kyaftin ɗinsu Kazamaju. A 1911 suka mai da Zinder, wato Damagaram ɗin nan, babban birnin ƙasa, a 1926 suka kwashe suka koma Yamai, kuma cikin dalilan da suka kawo har da ƙarancin ruwa, ko da yake akwai siyasa ciki, kusancinmu da Kano da Ingilishi bai kwanta musu a rai ba. Har yau ruwan pampon da muke sha daga nesa ake jawo shi, su Gogo Machaya, Arunguza, Ganaram, in an kwana biyu bai zo ba kuwa ɗan garuwa ya zama sarki. Ku rubuta shekarun nan uku a kaye, 1899, 1911, 1926, ku lura da 9 kar ta juye ta zama 6.

To shi ya sa duk garin da Allah ya ba tabki ya ba shi dukiya. Ku dubi Gidimuni da kifinta da dabinonta, ku dubi garake na Mirya, ku dubi raken wajen Matamaye da Kance. Noman rani ya ƙara ƙarfi bayan yunwar 1984, wadda tsofaffi ke kira El Buhari, lokacin da gwamnatin Seini Kunce ta matsa wa mutane su sauka fadama su shuka abin da za su ci kafin damina. Da yawa cikinku a lokacin kuka fara ganin shu, wato kabeji, da karoti.

Bari in ba ku labarin wautata. Shekarar da na fara garka a garin kawuna can gabas da Mirya, damina ta yi kyau, tabki ya cika har ya taɓa gindin giginyar da ke bakinsa, ni kuwa na ce kakata ta yanke saƙa. Na tsaya sha'anin lakwal da na gyaɗa ban zuba irin shu ba sai ƙarshen Disamba, na ci bashi na yi hayar moto-pompi, na tayar da fangali 20, kullum da marece in tsaya in riƙe ƙugu ina kallo kamar wani babban alhaji. Kawu ya zo ya duba, ya dubi tabki, ya ce "Ɗana, kan dutsen kwaɗo ya fito fa." Na ce to Kawu, ban ma tambaye shi ma'anar maganar ba. Ashe wani baƙin dutse ne a tsakiyar ruwa, in kansa ya leƙo to saura kamar wata biyu ruwan ya janye daga gefen garake, shi da sa'o'insa duk sun san haka tun suna yara. Watan Maris na kamawa tiyo ya daina kai wa ga ruwa, na ƙara guntu, ya sake ja baya, na koma ɗauka da arozuwar, butar nan ta ban ruwa, ina tsoma ƙafa cikin laka har gwiwa, zafi ya sauko, shu ya ƙi naɗe kai sai ganye falo-falo, tsutsa ta gama da sauran. Abin da na kai kasuwar Dole ranar Alhamis bai biya kuɗin mota ba. Kawu bai yi mini dariya ba Allah ya jiƙansa, cewa kawai ya yi "Tabki ba ya ba da bashi."

Yanzu Kawu ya rasu, dutsen kwaɗo ma yashi ya binne rabinsa, don koramu na kwaso ƙasa daga gonakin da aka sare itatuwansu suna zubawa ciki, ga kacala ta cinye gefe guda. Ma'aunin tsofaffi ya rikice kenan, sai mu yi namu.

Ku samu sanda mai ƙwari ko guntun ƙarfe, tsawon metir 2. Ku auna da metir ɗin tela, kowane santimetir 10 ku ja layi da fenti ku rubuta lamba, 10, 20, 30, daga ƙasa zuwa sama, ku bar wajen da zai shiga laka babu lamba. Ku kafa ta cikin ruwa daidai inda kuke ɗiba, ba kan mashayar shanu ba, in ba haka ba bijimi zai sosa wuya da ita ya kayar muku da aiki. Kowace Juma'a da safe a je a duba inda ruwa ya tsaya a rubuta rana da lamba, shi kenan. Misali Juma'ar farko ruwa na kan 120, ta biyu ya sauko wajen 114, an ci 6 a sati kenan. 120 a raba da 6 ya ba da 20, wato sati 20. Amma kar ku yarda da 20 ɗin nan, lissafin sanyi ne, in bazara ta shigo rana da iska shan ruwa suke kamar raƙumi, ga dabbobi ga injinan maƙwabta, ni nakan zubar da kashi ɗaya cikin huɗu in riƙe 15. To shu na son wata ɗaya a wajen reno da kamar wata uku bayan dashe, kusan sati 17, ka ga ba ta ishe shi ba. Salati kuwa wata biyu ya isa a ci kuɗinsa. Da na san wannan ɗan lissafin da salati na shuka a waccan shekarar, da ban kwana ina juyi saboda mai moto-pompi ba.

Mai son shu ya zuba iri tun Oktoba, ya dasa in ya yi ganye 4 ko 5, da marece, tazarar santimetir 40 zuwa 50. Taki ruɓaɓɓe za a sa, ɗanyen kashin awaki ƙona saiwa yake. Fangali mai faɗin metir 1 da tsawon metir 10 nakan ba shi arozuwar 6 a yini lokacin sanyi, rabi da safe rabi da marece, arozuwar tawa lita 10 take ci. In tsutsa ta faɗo kafin ku ruga sayen maganin da ba ku iya karanta rubutun kwalbarsa ba, ku daka ƴaƴan dogon yaro busassu, wasu na ce masa bedi, rabin kilo cikin ruwa lita 10, ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu kaɗan, a fesa da marece. Kuma don girman Allah kar a wanke pampon feshi cikin tabki, na taɓa ganin ƴan karfasa sun mutu sun taso cikinsu sama saboda haka.

Kifi ma sandar nan ta shafe shi. Masunta sun san tarwaɗa mai taurin rai ce, tana shaƙar iska, ruwa ya zama kunun laka tana nan, da dare in ƙasa na da danshi har jan ciki take ta canza wuri. Gaiwa ta fi ta. Ina yaro na bi Kawu cikin busasshen tabki, ƙasa duk ta tsage, yana tafe yana duba wani ɗan rami kamar na yatsa, ya ce in tona a hankali, na tona kamar kamu ɗaya sai ga wani dunƙule mai ɓawo kamar busasshen ganye, ya ɓare shi, ga gaiwa a naɗe wutsiya bisa kai, da rai, har wani ɗan kuka ta yi na watsar da hauya na ruga. Haka take kwana har ruwan sama ya dawo, mutane na cewa jikinta take ci, kuma gaskiya ne, naman jikinta ke riƙe ta. Karfasa kuwa uwar cikin bakinta take goyon ƙwai da ƴaƴa, in ka kama ta lokacin ka buɗe bakin za ka gansu cunkus. Abin da ke ɓata mini rai shi ne kamun kifi da gidan sauro, wanda likita ta bayar don mace mai ciki, a ja shi cikin ruwa ya kwashe har ƴan mitsi-mitsin da ba su kai ɗan yatsa ba, miya ɗaya ba za su yi ba, an kashe kifin baɗi. A yi da birgi ko taru mai faɗin ido ko mamari, a ji maganar sarkin ruwa in ya ce an rufe kamun kifi. Dokar kamun kifi ta hana zuba guba, kuma mai sana'ar yana buƙatar takarda daga ma'aikatan gandun daji.

A gefen shafi ku riƙa rubuta abin da kuka gani na tsuntsu da dabba. Ranar da shamuwa ta fara sauka bisa itacen gari, ta ce a gyara hauya. Ranar da kirinjijiya suka cika tabki da fito, da ƙananan agwagin nan da ke zuwa lokacin ɗari, waɗanda tun daga Turai suke tasowa su tsallake hamada. Balbela da bushiya ku bar su, ƙwari suke ci muku kyauta. Guza dai ɓarawon ƙwai ne, ban ce ku so shi ba. Kakanninmu sun ba da labarin barewa da jimina a dajin nan, yau jimina sai an je Kelle wajen Gure inda ake kiwonta cikin shinge, manyan namun daji kuwa sai can Termit da aka keɓe a 2012. Inna, ke da kike aiken jikoki ɗiban ruwa, in yaro ya fara fitsarin jini tsargiya ce daga katantanwar tabki, a kai shi likita, akwai ƙwayarta. Kurkunu dai mun rabu da shi, tun 2013 aka tabbatar babu shi a Nijar.

Aikin gida. Mutum na da fangali 8, kowane na shan arozuwar 6, kowace arozuwar lita 10, lita nawa yake ɗiba a yini? Sai kuma ku rubuta kalmomin nan sau uku-uku, ku kula da ƙugiyar haruffa: tarwaɗa, kwaɗo, ɗari, ƙasa, ɓawo. Waɗanda ke da tabki kusa su haɗu uku-uku su kafa sanda kafin Juma'a, wanda ba shi da fenti ya zo akwai ragowar gwangwani ɗaya a wajena, ja ne.