Kurakuran da Ake Yi Wajen Ƙidayar Masu Zuwa Sujada

Idan sakataren ikkilisiya ya miƙe a taron shekara ya ce "mun ƙaru," kowa yakan ji daɗi. Sai dai sau da yawa lambar da ya karanta ba ta tsaya a kan ƙafafunta ba. Ba ƙarya ya yi niyya ba, hanyar ƙidayar ce ta karkace tun daga tushe.

Babban kuskure shi ne ƙiyasi da ido. Fasto ya leƙo daga bagade ya ga kujeru sun cika, sai a rubuta ɗari uku. Ido yana ganin abin da zuciya ke so. Tambayar mutane ma haka take. A Amurka, a shekarun baya, an daɗe binciken jin ra'ayin jama'a na kamfanin Gallup yana nuna cewa kimanin kashi 40 cikin ɗari na jama'a suna zuwa sujada kowane mako, amma a 1993 da masu bincike Hadaway da Marler da Chaves suka duba ƙidayar kawuna ta zahiri, sai suka tarar adadin bai wuce kusan rabin haka ba. Gyaran mai sauƙi ne: mutum biyu su ƙirga kowa daban, a lokaci guda kowace Lahadi, zai fi kyau bayan an fara wa'azi, lokacin da masu makara suka riga suka zauna, sannan su gwada abin da suka samu.

Akwai kuma ƙirga mutum ɗaya sau biyu. Inda ake sujada biyu ko uku, mawaƙa da masu tarbar baƙi da masu kula da na'urar sauti suna nan a dukansu. Haɗa jimilla kai tsaye yana kumbura lamba. A cire su bayan sujadar farko. Yara kuwa a yanke shawara sau ɗaya, ko ana haɗa su ko ana rubuta su a layinsu, kuma a faɗa a rahoto. Ko Matiyu a cikin Littafi Mai Tsarki, da ya ambaci mutum dubu biyar da Yesu ya ciyar, ya bayyana cewa maza ne, ban da mata da yara.

Wanda ya fi ruɗin shugabanni shi ne kwatanta abin da bai yi kama ba. Ista ba ta da rana tsayayya: a 2024 ta faɗo 31 ga Maris, a 2025 kuma 20 ga Afrilu. Wanda ya gwada Maris da Maris zai ɗauka ikkilisiya ta zube, ya gwada Afrilu da Afrilu ya ɗauka farkawa ta sauko, alhali kalanda ce kawai ta motsa. Haka wata mai Lahadi biyar zai fi mai huɗu jimilla ko da ba a ƙaru da mutum ɗaya ba. A yi aiki da matsakaicin adadi na mako, a ware Ista da Kirsimeti da ranakun taro na musamman gefe. Cocin Ingila yana ɗaukar makonni huɗu na Oktoba ya ƙirga, ya kuma rubuta manyan bukukuwa daban.

Masu kallo ta intanet ba masu zama a kujera ba ne. Facebook ya taɓa lissafa kallo daga daƙiƙa uku kacal. A ba su nasu layin.

Sai batun da ya fi damuna. Lambar ƙarshe tana ɓoye waɗanda suka tafi. Ikkilisiya mai mutum 200 da ta karɓi sababbi 30 ta rasa 25 za ta ce ta ƙaru da biyar, a yi tafi, babu mai tambayar ina 25 ɗin suka shiga. Su 30 ɗin ma, nawa ne sababbin tuba da aka yi wa baftisma, nawa ne 'ya'yan membobi, nawa ne suka baro wata ikkilisiya da ke kusa? Wannan na ƙarshe ƙaura ce, cire daga aljihun hagu a sa a na dama. Rahoto ya nuna shigowa da fita, kowanne da dalilinsa: rasuwa, sauya gari, ko daina zuwa. Waɗanda suka daina zuwa a miƙa sunayensu ga dattawa a cikin sirri, a kai musu ziyara kafin wata ya ƙare.