Kurakuran da aka fi yi wajen lissafin kason wutar da ake samu daga gas, kwal da mai

Lissafin kansa mai sauƙi ne: a tara wutar da tashoshin gas, kwal da man dizal suka samar a shekara, a raba da jimillar wutar da ƙasar ta samar, a ninka da 100. Inda ake tuntuɓe shi ne wajen zaɓen alkaluman.

Babban kuskure shi ne ɗaukar megawat a matsayin wutar da aka samar. Megawat ƙarfin tasha ne a takarda. Tashar madatsar ruwa ta Kainji na da 760, ta Shiroro 600, Egbin ta Legas mai amfani da gas 1,320, amma babu wadda ke aiki da cikakken ƙarfinta dare da rana. Ruwa yakan ja baya da rani, bututun gas yakan fashe, injin yakan tsaya don gyara. A yi aiki da megawat-awa, wato ma'aunin ainihin wutar da tasha ta samar. Shekara tana da awa 8,760, don haka tashar megawat 100 da ta yi aiki kashi 20 cikin 100 na ƙarfinta ta ba da megawat-awa 175,200 ne kacal.

Sai kuma ɗauka cewa idan kaso ya ragu, an rage ƙona kwal. A China kason kwal ya sauko daga kusan kashi 80 a 2007 zuwa wajen 60 a 2023, alhali kwal ɗin da ake ƙonawa ƙaruwa ya yi, domin jimillar wutar ta fi shi saurin hauhawa. Birtaniya ce ta rage duka biyun, har ta rufe tasharta ta kwal ta ƙarshe a Satumban 2024. Kullum a ajiye kaso da adadi gefe da gefe.

Alkaluman Najeriya suna da wani rami nasu. Wajen kashi uku cikin huɗu na wutar babban layin ƙasa daga gas take, sauran galibi daga madatsun ruwa. To amma janaretocin kasuwanni, gidaje da masana'antu ba sa shiga wannan lissafi, kuma fetur da dizal suke sha. Ainihin kason ya haura abin da jadawali ke nunawa, sai a rubuta ƙarara cewa na babban layi ne kaɗai.

Nijar kuwa, ta daɗe tana sayen mafi yawan wutarta daga Najeriya. Wanda ya duba abin da take samarwa a gida, kwal na kamfanin Sonichar da injinan dizal, zai ga kaso mai yawa da bai dace da wutar da aka sha a Yamai ba. A fayyace ko wutar da aka samar ake nufi ko wadda aka yi amfani da ita.

Kada a yanke hukunci da shekara ɗaya. Damina mai albarka takan cika Kainji da Jebba, kason gas ya faɗi ba tare da an canza komai ba. A ɗauki matsakaicin shekara uku zuwa biyar, daga majiya guda.