Yadda ake neman izinin shirya wasan Sallah ko casu a kan titi a Accra

Kafin ka ba mai kanofi ko mai sifika ko sidi ɗaya na kafin alƙalami, duba kalanda. Majalisar gargajiya ta Ga tana hana kiɗa da hayaniya na kusan wata guda gabanin bikin Homowo, yawanci daga Mayu zuwa Yuni, kuma yankuna irin su La, Teshie da Nungua suna da nasu kwanakin dabam. A lokacin ko sifikar masallaci ba a yarda a kafa ta waje ba, balle ta casu. In ranarka ta faɗa ciki, sauya ta kawai. A 'yan shekarun nan Sallah tana yawo kusa da waɗannan watanni, don haka abin ya shafe mu kai tsaye.

Sai ka san Asambulin, wato ƙaramar hukumar, da filin yake ƙarƙashinta. Har yanzu wasu na ɗaukar takarda su nufi ofishin AMA, wato Asambulin birnin Accra, a juyo da su bayan sun kashe yini da kuɗin mota. An riga an yanka garin: Nima tana Ayawaso East, Mamobi tana Ayawaso North, Sabon Zango tana Ablekuma Central, Madina kuwa tana La Nkwantanang-Madina. Fara da asambuliman na unguwarku, shi ya san teburin da takarda ke kwana. Ka kuma gaida sarkin zango da shugaban matasa. Ba doka ba ce, amma wanda ya tsallake su zai gane kurensa ranar taro.

Yanzu ga inda yawancin sababbi ke faɗuwa: suna zaton izinin Asambuli ya wadatar, ko kuma sun gaya wa wani ɗan sanda da baki shi ke nan. Abu biyu ne dabam. Dokar zaman lafiyar jama'a ta 1994, wato Act 491, ta ce duk mai shirya jerin gwano, fareti, bikin kanibal, rawar titi ko fitar da sabon sarki a bainar jama'a ya sanar da 'yan sanda a rubuce, aƙalla kwana 5 kafin ranar. Sanarwa ce kake yi, ba roƙo ba, amma dole takardar ta ɗauki sa hannun masu shiri, da wurin taron, da irinsa, da lokacin farawa, da lokacin tashi, da hanyar da za a bi har inda za a tsaya in akwai zagaye. Kada ka rubuta "cikin Nima" ka yi shiru. Faɗi titin, daga wace mahaɗa zuwa wace. Lokacin tashi shi ne aka fi mantawa, kuma shi ne farkon abin da jami'in zai nema.

Buga kwafi biyu, ka kai ofishin 'yan sanda mafi kusa da wurin, a buga wa naka hatimi da kwanan wata. Kwafin da ba hatimi takardar ƙunshe ƙosai ce. Kwana 5 ɗin nan ƙarshen iyaka ne. Mako biyu ya fi, domin 'yan sanda suna da ikon neman ka ɗage ranar ko ka sauya wuri, kuma doka ta ba ka awa 48 ka amsa musu a rubuce. In ka ƙi, kotu za su je neman umarnin hanawa. Wanda ya kai takarda ranar Litinin don taron Asabar bai bar wa kansa wurin juyawa ba. Ka kuma sani, in taron ya lalata kayan gwamnati, fitilar titi ko shingen hanya, masu sa hannun ne za a bi. Saboda haka kada a sa yaro ya sa hannu don a sauƙaƙa.

Wasan da za a yi cikin zaure ko fili mai katanga bai shiga wannan sashe ba, amma duk da haka a rubuta musu, tunda za ka buƙaci masu tsaron ƙofa.

A Asambuli za a caje ka bisa jadawalin kuɗin da suke tsayarwa kowace shekara. Nemi a nuna maka layin da ya shafe ka, ka biya a wurin mai karɓar kuɗi, ka karɓi rasit na gwamnati da ake kira GCR. Wanda ya tare ka a baranda ya ce zai gaggauta maka ba tare da rasit ba, bar shi. In za a tare hanya, a rubuta wannan a fili cikin izinin, 'yan sandan hanya na MTTD su san ta inda tirotiro za su kewaya. Bar rata tsakanin kanofi da bakin kwata wadda motar asibiti za ta iya wucewa.

Ƙara kuma tana da ma'auni: a unguwar zama hukumar kare muhalli ta EPA ta ƙayyade desibel 55 da rana, 48 daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Juya sifiku baya ga masallaci, a kashe su lokacin kiran salla.

Sauran a taƙaice: in za a sa waƙoƙin mutane, GHAMRO ce ke karɓar haƙƙin mawaƙa. Yi hayar janareta, kada a ja wuta daga falwayar kamfanin lantarki na ECG. Ajiye tukunyar kashe gobara biyu, ɗaya gefen janareta, ɗaya wajen masu suya. Shirya masu shara tun kafin taro, su kwashe a daren. Duk takardun nan a zuba su a jaka ɗaya, a hannun mutum ɗaya da zai tsaya kusa da dandamali har a tashi.